Ƙafafun Mutanen Unguwa

Tun da ya hau bas ɗin idonsa na ƙasa. Tsohon hali ne da ya ƙi sakinsa: wasu fuskar mutum suke fara kallo, shi kuwa ƙafa. Matar da ke kusa da shi ta maƙale igiyar takalminta na roba da fil. Wani saurayi ya miƙe ƙafa cikin farin kambas mai sheƙi, amma tafin ya riga ya fara buɗe baki ta gaba, gam ɗin ya gaji tun kafin mai shi ya gaji. Kwandasta kuwa silifas ɗinsa ba uwarsu ɗaya ba, na dama shuɗi, na hagu kore.

Mai Takalma ya janye nasa ƙafafun ƙarƙashin kujera don kada a taka masa. Baƙin takalmi ne na fata, shi ne na ƙarshe da ya ɗinka kafin ya rufe shago, kuma da safen nan sai da ya goge shi har yana ganin fuskarsa a ciki. 'Yarsa Auta ta ce ya zo wurin baje kolin aikinta da wuri, kafin manyan baƙi.

Da bas ta tsaya a kwanar tsohuwar unguwarsu, ya yi niyyar kada ya ɗaga kai, amma wuyansa bai yi shawara da shi ba. Shagon yana nan inda yake. An fasa ƙofar an sa gilashi, an rataye rigunan waya kala-kala da igiyoyin caji, wata lasifika tana ta ihu a bakin ƙofa kamar an taka mata wutsiya. Bencin da ke jingine da bango babu shi.

A kan bencin nan unguwa take yanke shawara a da. Tela ya zo da gulmarsa, Mai Nama ya zo da gardamarsa, rediyo na magana ba mai sauraronta. Ƙanshin sabuwar fata da kakin zuma yakan tari mutum tun daga bakin titi. In an kusa komawa makaranta, iyaye su jero da yara, ya ɗora ƙafar yaro a kan kwali ya zagaye ta da fensir, yaron na ƙyalƙyala dariya saboda cakulkuli. Babba kuwa, in ya zama mai ɗinki a wurinsa, sai ya sassaƙa masa ƙafar katako daidai da tasa, da tudunta da kwarinta da karkataccen yatsanta, ya rataye a bango. Daga ranar ba sai an sake gwaji ba. Mutum ya leƙo ya ce, "A yi mini baƙi," shi ke nan. Da rana marigayiya matarsa takan kawo masa abinci, ta zauna a kan buhun fata tana yi masa tsiya wai ya fi sanin ƙafafun maza fiye da fuskokin 'ya'yansa.

Ba wanda ya yi faɗa da shi, ba wanda ya kore shi. Kwantenoni ne kawai suka fara sauka, cike da takalman roba masu araha, daga ƙasashen da bai taɓa ganin ko hotonsu ba. Da farko mutane suka daina ɗinki suka koma kawo gyara, yaran zamani suka fara kiransa Shumeka, sunan da yake ji kamar tsakuwa a cikin takalmi. Daga baya gyaran ma ya ɗauke. Wa zai gyara abin da sabonsa ya fi gyaransa sauƙi? A jefar, a sayi wani. Ranar da ya rufe, ya zuba ƙafafun katakon a buhuna ya tura su ɗakin ajiya, bai ƙara buɗewa ba.

Sai bara Auta ta zo ta ce tana son ƙafafun.

"In itacen girki kike nema, ga su nan," ya ce mata.

Auta zane ta karanta a jami'a. Tun da ta gama take yawo bakin kwatoci da juji da gaɓar kogi da ƙaton buhu, tana tsintar yasassun takalma. Yayanta ya ce an sha wahalar makaranta an samo wa gida 'yar bola. Shi dai uban bai taya shi ba. Yarinyar da ta taso tana barci a kan tarkacen fata, ba a yi mata dariya in ta ce ta ga wani abu a cikin shara.

Zauren baje kolin tsohon sito ne da aka shafe da farin fenti, aka sa masa fitilu. Auta ta taro shi tun daga ƙofa, ta karɓi sandarsa ta riƙe masa hannu.

"Baba, ka rufe ido."

"In rufe ido in faɗi, ki ce tsufa ne?"

Bai rufe ba, don haka a tsaye abin ya same shi. Daga can ƙarshen zauren, tun daga kusa da rufi, takalman roba ne suka gangaro kamar ruwan da ya ɓalle: silifas, kambas, masu tsini, na jarirai, ja da rawaya da ruwan hoda, duk wari ɗaya-ɗaya, duk a tsinke. An wanke su fes, amma rana ta riga ta cinye launinsu. A gaban wannan tudu, a kan siminti, ga ƙafafun katakonsa a jere bibbiyu, kamar mutane sun fito tafiya. Na gaba suna sarari. Na baya robar ta fara hawa kansu. An kewaye wurin da jar igiya, an rubuta a bango: Ambaliya.

Ya bi ƙafafun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Auta ta shafa musu mai, katakon ya yi duhu yana ƙyalli kamar yadda yake a da, lokacin da hannu ke taɓa shi kullum.

"Baba, ka yi shiru."

"Ke Auta, wa ya ce ki ajiye Tela kusa da Mai Nama? Mutanen da ba sa ga maciji? Yanzu za ki ji sun fara."

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, amma da ta ɗago idonta ya kawo ruwa. Ta ja shi gefe, ta zaunar da shi a kan kujera, ta tsuguna a gabansa.

"Akwai maganar da nake so mu yi kafin mutane su cika. Ka san katafaren kantin nan na bakin babban titi, mai hawa-hawa? Kamfanin da ke da shi suna son aikin. Sun ce za su fara kai shi ƙasashen waje a nuna, da sunana, in ya dawo su kafa shi a ƙofar kantin."

"Su da ke sayar da robar?"

"Su ɗin dai." Ta yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ni zaginsu na yi, Baba. Su kuma sun ce zagin ya yi kyau, nawa ne?"

"To ke me kika ce?"

"Na ce sai na tambaye ka. Robar tawa ce, ni na tsinto. Ƙafafun naka ne. Amma Baba, irin wannan ƙofar ba kullum take buɗewa ba. In na fita sau ɗaya, sun san ni ke nan."

Ya dubi 'yarsa. Hannayenta duk sun yi kanta, farcenta a karye. Ya so ya ce mata ƙafafun ba nasa ba ne, ajiya ce, amma masu ajiyar yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa, sauran kuma sun manta. Ya ce, "Bari dai a yi taron."

Kafin la'asar zauren ya cika. Akwai masu kwat, akwai ɗalibai masu jakar goyo, akwai wasu baƙi fararen fata da ke ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. A can baya, kusa da ƙofa, 'yan tsohuwar unguwarsu ne da Auta ta bi gida-gida ta gayyato, sun takure wuri ɗaya kamar masu jiran likita.

Shugabar zauren, wata doguwar mace mai gilashi, ta hau ta yi jawabi. Ta ce duniya ta zama kasuwa ɗaya, ana ƙera abu a wata nahiya, a ratsa teku da shi, a sa shi wata guda a jefar a kwata, kuma an koya wa mutum ya auna kansa da abin da ya saya. Mai Takalma yana gyaɗa kai, don wannan ya sani tun kafin a faɗa. Sai ta nuna shi da hannu ta ce ga ɗaya daga cikin na ƙarshen masu wata sana'a da ta mutu. Kowa ya juyo aka yi ta tafi. Ya ɗaga hannu kaɗan, ya rasa inda zai sa idonsa. Ji ya yi kamar an gayyace shi zaman makokinsa, har an ba shi kujerar gaba.

Ya ɗauki sandarsa zai fita shan iska sai wani mutum ya tsaya a gabansa. Takalmin ya fara gani, ruwan ƙasa, mai tsada, na waje. Mutumin ya tattare wandon kwat ɗinsa ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ba ka gane ni ba."

"Lafiya lau, ɗana. Idon ne ya yi nisa."

Auta ta matso da sauri. "Baba, shi ne manajan kantin da na faɗa maka."

"Ni ne ɗan Masinja," in ji mutumin. "Na bayan gidan ruwa."

Mai Takalma ya saki sandar. "Kai! Ɗan Masinja mai kukan aski? Kai ne ka zama wannan?"

Masinja ba ya mantuwa. Ciwon yarinta ya bar masa ƙafar hagu gajera, ta lanƙwashe ciki, amma ya fi kowa sauri a unguwar, har ana tsokanarsa da Jirgin Ƙasa. Duk ofisoshin gari da ƙafa yake zaga su. Shi ne mutumin da ya fi ba Mai Takalma wahala: sai da ya ɓata katako ya sake, ya ɓata ya sake, kafin ya samu ƙafar ta zauna, sannan ya ɗora wa tafin hagu tudu mai kauri. Ranar da Masinja ya sa takalmin ya taka, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya ce, "Mai Takalma, ashe haka ƙasa take a miƙe?"

"Yana nan?" ya tambaya, ko da yake ya ga amsar a fuskar ɗan.

"Ya rasu, Baba. Shekara biyu ke nan."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta."

"Amin." Manaja ya murza zoben hannunsa. "Na ƙarshen da ka yi masa ya sa shi har ya zama tsumma. Muka neme ka aka ce kun tashi. Baba, sito gare ni cike da takalma, ko shekara zan yi ina ƙirga ba zan gama ba, amma babu ko ɗaya da ya shiga ƙafar mahaifina. Na kawo masa na kowace ƙasa. Sai mu cusa kwali a ciki, ya taka kaɗan ya cire. Da silifas ya ƙarasa rayuwarsa, yana jan ƙafa. Mutumin da ba ya zama ya koma ba ya fita." Ya share fuska da tafin hannu. "Da na ga hoton aikin nan, ni na kai maganar gaban shugabannina. Na ce musu zai jawo mutane. Gaskiyar ita ce na san yana cikinsu. Tun ɗazu nake zagaye igiyar nan, na kasa gane shi."

Mai Takalma ya dafa kujera ya miƙe, ya nufi igiyar, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Wani ya ce, "A'a, Baba, ba a shiga!" Shugabar zauren ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya bi tsakanin layukan a hankali, yana kaucewa kamar mai ratsa mutane a kasuwa, ya wuce Tela, ya wuce Hedimasta, ya wuce Direban motar asibiti. Can baya, inda robar ta fara binne su, ya sunkuya da ƙyar, ya ture wani jan silifas, ya ɗago ƙafafu biyu, ɗaya cikakkiya, ɗaya gajera mai lanƙwasa.

Ya dawo ya miƙa wa Manaja.

Mutumin ya karɓa da hannu biyu. Ya bi lanƙwasar da babban yatsansa, daga dunduniya har yatsu, sannan ya rungume katakon a ƙirjin kwat ɗinsa, man da aka shafa yana ɓata masa farar riga. Kafaɗunsa suka fara rawa. Zauren ya yi tsit, har masu hoto suka sauke hannu.

"Baba, me zan bayar?"

"Ƙafar ubanka zan sayar maka? Tashi, kada ka sa in ji kunya."

Sai a lokacin ya juya ya ga fuskar Auta. Tana kallon gurbin da ya bari a layin, kamar haƙorin da aka cire. Ta kama hannunsa ta ja shi bayan wani ginshiƙi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, a gaban kowa? Ka san tsawon lokacin da na ɗauka ina jera su? Kowanne da dalilin wurinsa. Ko tambayata ba ka yi ba."

"Ban yi ba. Na ɓata miki, Auta, ki yi haƙuri. Da na ga yaron nan, mantawa na yi ba a shago nake ba."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai suka ji sallama a bayansu. Wata tsohuwa ce daga cikin 'yan unguwa, ta lallaɓo tana riƙe da gefen mayafinta. Matar Tela ce.

"Mai Takalma, ashe rai kan ga rai. Na ce ba, na maigidana yana ciki? Ba ɗauka zan yi ba, in dai gani."

A bayanta ga wani magidanci yana leƙe, ɗan Mai Nama, kamarsu ɗaya har kumatun. A bayansa kuma wasu na tasowa daga kujerunsu.

Mai Takalma ya dubi 'yarsa, don yanzu ba shi ke da magana ba. Auta ta dubi tsohuwar, ta dubi aikinta, ta dubi baƙin da ke riƙe da kyamara. Sannan ta taka zuwa inda aka ɗaure jar igiyar, ta kwance ta da kanta, ta naɗe a hannu.

"Inna, shigo. Baba zai nuna miki. In kina so ki tafi da shi."

Shugabar zauren ta iso kusan da gudu. "Me kike yi haka? In suka kwashe, me za a kai waje? Me zai rage?"

"Robar," in ji Auta. "Ita ba mai zuwa nemanta."

Manaja ya matso, har yanzu katakon na ƙirjinsa. Ya ce zai yi wa shugabanninsa bayani, amma ba zai ɓoye mata ba, ba ya jin za su kafa tulin tsinkakkun silifas zalla a ƙofar kantinsu. Auta ta ce ta sani.

Abin da ya biyo baya bai yi kama da baje koli ba. Mai Takalma ya tsaya a tsakiya, mutane na kiran sunan nasu yana nunawa. Matar Tela ta ɗauki nata ta ce wallahi har ƙaton yatsan nan da yake yaga mata safa. Ɗan Mai Nama ya ce a duba masa ko ƙafar babansa ta fi ta Tela girma, don gardamar da suka mutu ba su gama ba ke nan, aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya samu tasa ƙafar da kansa, ya cire silifas ya gwada a gefenta, ya girgiza kai ya ce katakon bai tsufa ba, shi ne ya tsufa. Wasu baƙin suka fice rai a ɓace. Wasu suka tsaya suna kallo, wata ɗaliba ta zauna a ƙasa tana zana abin da ke faruwa.

Da rana ta yi sanyi zauren ya watse. Layukan sun zama gurbi-gurbi, 'yan ƙafafun da ba wanda ya zo dominsu suna tsaye nan da can, tudun robar kuwa ko wari ɗaya bai ragu ba. Mai Takalma ya zauna a kujerarsa, gwiwoyinsa na zafi. Auta ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jingina kai da ƙafarsa kamar tana ƙarama.

"Na rufe miki ƙofa," ya ce.

"Ni na kwance igiyar, Baba." Ta jujjuya igiyar a cinyarta. "Kowa ya tafi da nasa. Tun da na buɗe buhunan nan nake son in tambaye ka, na kasa. Na duba ƙananan duka, ɗaya bayan ɗaya. Wacce ce ta Mama?"

Ya daɗe yana kallon katakon da suka rage.

"Ba ta ciki."

"Ta ɓata?"

"Ban taɓa sassaƙa mata ba. Katako na wanda zai tafi gidansa ne ya bar ka da aiki. Ita kullum tana nan. In zan yi mata, sai ta ɗora ƙafar a cinyata, tana yi mini surutu, in riƙe."

Ya buɗe tafin hannunsa na dama a kan gwiwa, ya ɗan lanƙwasa yatsun, ya bar wani fili a tsakiya, ba babba ba.

"Kamar haka take."

Auta ta ajiye igiyar. Ta juyo ta gyara zama, ta kama hannun da nata biyu a hankali don kada yatsun su motsa, ta tsaya tana kallo.